Ranar da Na Ɗaga Hannu a Meri

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya tsare ka a hanyar Yamai, ya tsare ka bayan ka sauka, ya haɗa ka da abokan zama na kirki da shugabanni masu tsoronsa.

Za ka yi mamaki, muna gida ɗaya amma ƙanwarka ta miƙo maka takarda daga wurina. Kai ne ɗan fari, ka san yadda al'adarmu take. Tun da na haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ido da ido ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa ba. Bakina ba zai iya ba, amma hannuna zai iya, tun da Allah ya sa na yi karatun manya. Ka yi haƙuri da rubutun, ba irin naku ba ne.

Ranar da sakamakon konkur, jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ya fito mutane suka cika gidan nan, kowa yana cewa Abba zai je ya zauna a kan kuɗin ƙasa. Da suka watse na ji kana yi wa babanka bayani a zaure. Ka ce masa ba kuɗi za ka riƙe ba, lissafi za ka riƙe: abin da ƙasa take samu, abin da take kashewa, da abin da ake bin ta. Ka ce dukiyar ƙasa tana ƙaruwa amma a hankali, jama'a kuwa suna ƙaruwa da sauri, kuma kaso mai nauyi na abin da ake tarawa yana tafiya wajen masu bin bashi kafin a kai ga lakwal ɗin yara da asibiti. Babanka ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da tufkar igiyarsa. Ni kuwa a bayan danga na tsaya da rariya a hannu, domin wannan maganar na san ta. Ba a takarda na karanta ta ba. Na zauna a ɗakin da aka yi ta, kuma da hannuna a ciki.

Ka san na yi konseye, wato 'yar majalisa, a kominmu, ƙaramar hukumarmu. Lokacin kana karatu a Damagaram, hutu kawai yake kawo ka, saboda haka abin da ka sani shi ne Inna tana sa sabon zane ta tafi meri, ofishin magajin gari. Ga abin da ba ka sani ba.

Ba neman kujerar na yi ba. Jam'iyya tana bukatar mata a jerin sunayenta, ni kuma ina shugabantar ƙungiyarmu ta masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na iya karanta Hausa, kuma ba a san ni da rigima ba. Ina jin wannan na ƙarshen ne ya fi yi musu daɗi. A zaman majalisa takardu duk da Faransanci suke. Sakatare zai yi ta karatu har mu fara gyangyaɗi, sannan ya juyo ya taƙaita mana da Hausa cikin magana biyu ko uku. Ban taɓa tambayar ina sauran ya tafi ba.

A shekarata ta biyu aka kawo maganar kasuwa. Magajin gari na lokacin, mutum ne mai son a ce ya yi aiki, kuma ba ɓarawo ba ne, ka riƙe wannan, ya shimfiɗa mana wani babban zane a kan tebur: jerin shaguna na siminti masu ƙofofin ƙarfe, da babbar ƙofar shiga, da rumfar mata a gefe ɗaya mai rufin kwano. Ya ce komin ba ta da kuɗin, amma banki ya yarda ya ba mu, mu riƙa biya daga tike, wato harajin kasuwa, da hayar shaguna, sannan akwai kason da muke jira daga sama, wato daga gwamnati, kowace shekara. Sakatare ya karanta abin da kasuwa ta tara bara, ya ce idan aka ci gaba a haka bashin zai biya kansa ba tare da kowa ya ji ba.

Bara ɗin nan da ya karanta, shekarar da wake ya yi kyau ce fiye da duk shekarun da na sani. Naira tana da ƙarfinta, kamiyo-kamiyo, manyan motocin kaya, suna zuwa daga tsallaken iyaka suna kwashe wake da raguna. Na san haka sarai, domin a shekarar na sayi tunkiyata ta farko. Ban haɗa wannan da abin da ake karantawa ba.

Mutum ɗaya ne ya yi gardama, Malam Idi, konseyen ɗaya jam'iyyar, wanda ƙauyensu yake hayin ƙorama. Shi komai aka kawo sai ya soke shi, har mun saba. Ya ce idan za a ci bashi, a ci a yi gada a mashigin ƙorama, domin da damina ta sauka amalanke ba ya ƙetarewa, mota ba ta ƙetarewa, kasuwar takan zama rabi. Aka yi masa dariya, wani ya ce Malam Idi yana son komin ta gina masa hanyar gidansa ne. Kuma da gaskiya a ciki, hanyar gidansa ce. Ni ma na yi dariya.

Ina da tambaya a raina a ranar, ƙarama. Ina so in ce: duka-duka nawa za mu mayar, har da kuɗin ruwa, kuma shekara nawa? A ƙungiyarmu da muka karɓi injin markaɗe bashi, sai da na sa aka faɗa mini wannan sau uku kafin na dangwala yatsa. Amma a meri sai na ji nauyi. Na ce wataƙila an riga an faɗa da Faransanci, idan na tambaya za a ce ga abin da ake gudu in an kawo mata. Kuma idona yana kan rumfar matan nan mai rufin kwano, ina hango kaina ina gaya wa ƙawayena ni na kawo musu. Da aka ce wa ya yarda, na ɗaga hannu. Ban ma jira na ga na kusa da ni ba.

Abba, a biron da za ka shiga, wato ofishinku, kai ne ƙarami. Za a yi magana a gabanka da kalmomin da ba ka gama ganewa ba, kowa yana gyaɗa kai, kai ma wuyanka zai so ya gyaɗa. Ka tambaya. Ka yi da ladabi, ka bari babba ya gama, amma ka tambaya, domin sau da yawa masu gyaɗa kan ma ba su gane ba. Idan aka kawo lissafin abin da za a samu a gaba, ka nemi sanin wace shekara aka ɗauka aka yi awo da ita. In shekarar cika ce, ka ce a sake yi da shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, a ga ko har yanzu ana iya biya. Kuma idan mutumin da ba kwa shiri ya yi magana, ko ka san yana da wata manufa tasa, ka cire shi gefe ka dubi maganar. Malam Idi don kansa ya yi magana, kuma maganar tasa daidai ce. Ban san abu biyun suna iya haɗuwa ba sai daga baya.

Kada ka ɗauka ina ce maka bashi duka mugun abu ne. Injin markaɗen nan kafin shekara ta zagayo ya biya kansa, yau ga shi yana ciyar da gidaje. Bambancin shi ne injin yana aiki, kullum yana haifar da wani abu. Na kuma san ƙasa ba komin ba ce, ka taɓa gaya wa ƙanwarka cewa ƙasa tana iya cin sabon bashi ta biya tsoho, tana da hanyoyin da mu ba mu da su. Na yarda. Amma ban yarda akwai inda ake cin bashi ba wanda zai biya ba. In ba ka ga mai biyan a takarda ba, to yana wani wuri bai sani ba tukuna.

An gina shagunan. Ranar buɗewa an yi kiɗa, an yanka sa, an ɗauke mu hoto a bakin ƙofa. Shekarar farko an biya banki a kan lokaci. Daga nan naira ta fara faɗuwa. Masu zuwa sayen wake da bisashe suka ga kuɗinsu ba ya sayen komai a sefa, suka rage zuwa. Kayan tsallaken iyaka kuma suka yi araha, mai son atamfa ko roba gara ya hau babur ya sayo da kansa, mai shago yana zaune. Sai kuma aka rufe iyaka, ka tuna lokacin. Kason da muke jira daga sama ya zo rabi, wata shekarar bai zo ba, aka ce mana su ma can ana bin su. Shagunan nan da yawa aka mayar da su wurin ajiyar harawa. Banki kuwa takardarsa ba ta taɓa makara ba.

Majalisa ta zauna, aka ce babu mafita sai a ƙara tike. Mai tallan da take biyan dala biyar ta koma dala goma, aka sa wa kowane amalanke kuɗin shiga, aka ƙara a kan kowace dabba da aka sayar. Magajin gari ya kira ni gefe ya ce mata suna jin maganata, in je in lallashe su, na damina ɗaya ne kawai, da kaka ta yi za a mayar.

Ka san Laure, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda ta goya ka ranar sunan ƙaninka. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da kuɗin ƙuli-ƙuli take riƙe gidan. A gidanta na tara matan. Na yi musu bayani yadda aka yi mini, na ce na damina ɗaya ne. Sauran suka yi ta gunaguni, ita tana tuƙa tunkuza ba ta ɗago ba. Da suka fita ta ce:

"Hadiza, ke kika gani a rubuce, ko gaya miki aka yi?"

Na ce na gani. Ban gani ba, Abba. Na ji kunyar in ce ni konseye ce amma gaya mini ake yi kamar kowa.

Ta ce, "To shi ke nan. Tun da ke kika gani."

Kaka ta yi, ba a mayar ba. Wata kakar ta yi, ba a mayar ba. Abin da ya biyo baya babu wanda ya lissafa shi a meri. Mata suka fara sayarwa a cikin gida, yara suna kai wa maƙwabta. Masu ƙarfin ƙafa suka koma cin kasuwar Bande, wasu har Guci. Masu bisashe suka riƙa haɗuwa da dillalai a gindin wata tsamiya kafin a shigo gari, a gama ciniki a can, dabbar ba ta taka kasuwa ba balle a karɓi komai. Mun ninka tike, abin da ke shiga akwatin meri ya ragu. Laure ba ta iya tafiya nesa saboda ƙafarta, ita ta zauna tana biyan dala goma a rumfar da na yi alfahari da ita, masu saye kuma sun bi sauran sun tafi.

Daga wannan ga abin da nake so ka ɗauka. Idan aka ce a ƙara haraji don a cike rami, ka tambaya wane hali masu biyan suke ciki a wannan shekarar. Wanda kasuwa ta riga ta karye masa, in ka ƙara masa ba zai yi maka gardama ba, hanya zai sake. Mai hali yana da inda zai kauce. Wanda zai tsaya ya biya shi ne wanda ba ya iya motsawa, kuma shi ne ya fi kowa rashi. Sannan kada ka taɓa cewa ka gani alhali gaya maka aka yi. Za a zo a ce maka kai ɗan Magarya ne, mutanenku suna jin maganarka, ka gaya musu abu kaza na ɗan lokaci ne. Yardar da mutane suka yi maka ba ta gwamnati ba ce, ba ta shugabanka ba ce, kada ka ba da aronta. Ni na ba da aron tawa, kuma ba ta dawo mini cikakkiya ba.

Yanzu na zo wurin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Da tike bai cike ramin ba, sai aka koma yanka. Aka sa ni cikin 'yan majalisar da za su duba bidje, wato kasafin kuɗin shekara, layi-layi. Kowane layi yana da mai shi a ɗakin. Kuɗin zaman konseye, muna nan zaune, ba wanda ya taɓa. Man motar magajin gari, yana nan. Albashin ma'aikatan meri, sakatare yana nan. Sai aka zo kan wani ɗan layi, kuɗin mai da gyaran ambilans, motar da ke ɗaukar mara lafiya daga ƙaramin asibitinmu zuwa babban asibitin Magarya. Wannan ba shi da kowa a ɗakin. Wani ya ce ya ji akwai wani furoje, shirin masu ba da tallafi, da zai karɓi nauyin motar. Ba wanda ya tambayi wane furoje, yaushe. Ni mace ce, na san su wa motar nan take ɗauka. Na buɗe baki, sai na tuna an ce in ba mu cika kuɗin banki a watan ba tara za ta hau. Na rufe. Aka ja layi a kai, muka wuce zuwa na gaba, aka kawo mana lemo.

Furojen bai zo ba. Motar ta yi ta tafiya da karo-karon dangin marasa lafiya har batirinta ya mutu, taya biyu suka lalace, aka ɗora ta a kan duwatsu a bayan asibiti.

Da damina, ranar kasuwa, Sa'a 'yar Laure ta fara naƙudar fari. Tun hantsi ungozomar asibiti ta duba ta ta ce yaron a gicciye yake, wannan sai Magarya. Ina rumfa aka zo aka gaya mini. Na tarar an shimfiɗa mata katifa a amalanken shanu, Laure tana riƙe da kanta. Babanka ne ya ba da shanun. Na bi su a ƙafa har mashigin ƙorama. An yi ruwa mai yawa a daren da ya gabata, ƙorama ta kawo, shanun suka tsaya suka ƙi shiga. Akwai wata mota a hayi da aka kira da salula, muna ganin ta tana ganin mu. Muka jira ruwan ya ja. Da la'asar ta yi maza suka ce ba za a ƙara jira ba, suka ɗauke ta da katifar a ka, ruwa har ƙirji. Malam Idi yana cikinsu, domin mutanen ƙauyensu ne suka san inda ƙafa take tsayawa. Bai dube ni ba.

An yi mata aiki a Magarya. Sa'a ta rayu, yaron bai zo da rai ba, namiji ne. Likita ya ce wa Laure ba ya jin za ta sake haihuwa.

Ba zan ce maka da motar tana tafiya da yaron ya rayu ba. Da tun hantsi ta tashi akwai wata hanyar zagaye mai nisa da mota take iya bi, amalanke ba ya iyawa, amma Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Kwana ya ƙare ko bai ƙare ba, wannan nasa ne. Abin da yake nawa shi ne na ga layin, na san na su wane ne, na yi shiru.

Da na je gaisuwa Laure ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini ruwa. Ba ta san ina ɗakin da aka yanke kuɗin motar ba. Da zan iya barin ta a haka. Bayan kwanaki na koma na gaya mata da bakina, har da maganar tiken da na ce na gani ban gani ba. Da na gama ta ce:

"Da kin yi magana sun ƙi, da na ce an fi ƙarfinki. Ke fa muka tura, Hadiza. Ba don ki iya Faransanci muka tura ki ba."

Na tashi na yi mata sallama na fito.

Abba, aikinka yanka zai yi yawa a cikinsa, tun da ka ce abin da ke shigowa ba ya kai abin da ke fita. Ba zan ce maka kada a biya bashi ba. Wanda ya ba da rance yana da haƙƙi, addini ma bai yi wasa da wannan ba. Kuma wata rana dole a yanke abin da yake da amfani, domin babu. Amma duk layin da aka kawo gabanka, ka tsaya ka tambayi kanka wa yake ci daga nan, kuma yana ɗakin nan ko ba ya nan. Na waɗanda suke ɗakin zai kare kansa. Na waɗanda ba sa nan, in ba ka yi magana ba, ba mai yi. Ko an fi ƙarfinka, ka faɗa, a rubuta cewa ka faɗa. Kuma in aka ce maka wani zai ɗauki nauyin abin, ka ce a nuna maka shi.

A zaman da ya biyo baya na miƙe tsaye. Na ce ba zan ƙara ɗaga hannu a kan komai ba sai an karanta shi da Hausa daga farko har ƙarshe. Na ɗauka za a yi mini dariya. Sai na ga fiye da rabin mazan suna cewa su ma haka, ashe shekara da shekaru muna zaune kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Ranar ce na fara jin duka-dukan abin da za mu mayar wa banki. Sakatare da ya faɗa da Hausa, shi kansa sai da ya sake duba takardar.

Aka tura mu Damagaram, ni da magajin gari da Malam Idi, mu roƙi banki sassauci. A mota magajin gari ya gaya mana tun shekarar da naira ta faɗi ya san ba za mu iya ba, amma ya ji tsoron in ya je roƙo labari zai bazu kafin zaɓe a ce ya karya komin. Matar da ta karɓe mu a bankin ba ta ɗaga mana murya ba. Ta ce da mun zo tun farko da tarar da ta taru ba ta taru ba, su ma sun fi son a biya su a hankali da a kasa biyan su. Ta tsawaita mana shekarun, abin da za mu riƙa bayarwa duk wata ya ragu, jimlar kuwa ta ƙaru. Ba kyauta ta yi mana ba. Amma da abin da ya ragu aka sauke motar daga kan duwatsu, aka mayar da tike yadda yake a da.

Wannan ma ka riƙe shi. In ka ga lissafi ba zai fita ba, ka faɗa wa na sama da kai tun da wuri, ko da ba shi yake son ji ba. Jinkirin da muka yi don kare mutunci, wasu ne suka biya shi, ba mu ba. Kuma abin da aka ci da sunan mutane, a gaya musu da harshen da suke ji. Mutanenmu sun san fari, sun san shekarar da ake cin rabin tiya. In ka gaya musu gaskiya suna iya ɗauka. Abin da ba sa yafewa da sauƙi shi ne a ce musu damina ɗaya.

Kasuwar ba ta koma yadda take ba. Wasu sun dawo, wasu sun saba da Bande. Ni ban sake tsayawa takara ba. Har yau ana biyan bashin, yaran da ba a haifa ba ranar da na ɗaga hannu yanzu suna tallan gyaɗa suna biyan tike.

Sauran magana a kanka ce. Da ka fara ɗaukar albashi banki zai kira ka ya ce zai ba ka na shekara uku a dunƙule. Dangi za su zo, kowa da larurarsa, kuma yawancinsu gaskiya suke faɗa. Ni ma wata rana zan iya kiran ka in ce ɗakina yana yoyo. Ka ba mu daga abin da ke hannunka, kada ka ba mu daga abin da bai zo ba. In babu ka ce babu, ba zan yi fushi ba, in ma na yi zan huce. Ma'aikacin da albashinsa yake jingine tun kafin ya fito ba ya iya cewa a'a a biro, kuma ni don ka iya cewa a'a nake wannan rubutun. Ka riƙe salla. Ka ci abinci a kan lokaci, na san halinka in ka sa kai a takarda. Ka riƙa kiran babanka ko ba ka da abin faɗa, ba zai nuna maka ba amma yana jira.

Abu ɗaya nake roƙon ka kafin ka hau mota. Ka je gidan Laure ka yi mata sallama. Ni da ita muna gaisawa, muna zuwa wa juna biki da mutuwa, amma ta daina shigowa ta zauna a kan turmina mu yi hira har rana ta karkata, kuma ban ga laifinta ba. Kada ka ba ta haƙuri a madadina, wannan tsakanina da ita ne. Ka durƙusa ka gaishe ta kamar yadda ka saba, ka gaya mata irin aikin da za ka je yi, da Hausa, yadda ka gaya wa babanka. Sa'a tana gidan yanzu, ita ce take suyar ƙuli-ƙulin. Za ta kawo maka ruwa. Ka karɓa, ka gaishe ta, ka dube ta da kyau. Can inda za ka, ba za a riƙa kawo maka mutane ba, lambobi za a riƙa kawo maka.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga haɗarin hanya da sharrin mutum da sharrin zuciyarka. Allah ya ba ka bakin faɗar gaskiya a inda take da nauyi, ya sa ka gama aikin nan ba da haƙƙin kowa a wuyanka ba. Ya dawo mana da kai muna raye, in kuma ba mu, ya sa ka tarar da ƙannenka cikin rufin asiri. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hadiza